Giya ɗaya, uku ko 21: wane keke ne ya dace da hanyarka?

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba ta haura 500 a garuruwan Arewa cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce dubu. Nan da nan kekunan da suka yi shekaru a jingine cikin zaure suka fara fitowa titi. Mutanen Maiduguri sun riga kowa, don su tun 2011 da aka hana hawa babur a garin suka koma wa keke. Wanda bai gaji keke a gida ba kuwa sai ya nufi kasuwa, kuma kafin ya gama sallama mai shago ya jawo masa wani mai walƙiya yana cewa, "Alhaji, ga na yayi nan, giya 21 gare shi, Shimano ne." Mai saye ya ji 21, ya tuna na mahaifinsa giya ɗaya ce tak, sai ya ɗauka ya yi tsuntuwa.

Maganar nan ta mai zuwa ofis ce, da ɗalibi, da mai shago, da dattijon da ke son abin zuwa gona da masallacin Juma'a. 'Yan tsere da lissafinsu daban. Irin waɗannan mahaya, in ka bi su a hanya ka lura, da giya biyu ko uku suke aiki komai yawan waɗanda ke jikin keken. Sauran nauyi ne kawai da kuɗin gyara. Saboda haka kafin a zo kan lamba, mutum ya fara sanin yadda hanyarsa take, da abin da zai riƙa ɗorawa a baya, da wanda zai kai wa keken ranar da ya ƙi tafiya.

Ƙirga haƙora

Duk abin da ake kira giya a keke lissafin haƙora ne. Akwai babban faranti a gaba wanda feda ke juyawa, akwai ƙarami a tayar baya, wato firwil, kaca ta haɗa su. Ɗauki baƙin keken nan da muka taso muka gani, mai taya 28, wato mai faɗin inci 28. Da yawansu suna zuwa da haƙora 44 a gaba, 18 a baya. Raba 44 da 18, za ka samu 2.4 da 'yan kai, ke nan duk lokacin da feda ta zagaya sau ɗaya, tayar baya ta juya kusan sau biyu da rabi. Kewayen taya 28 wajen mita 2.23 ne, don haka zagaye ɗaya na feda yana kai ka kusan mita 5.5. In kana juya feda sau 60 a minti, wanda shi ne tuƙin mutumin da ba sauri yake yi ba, kana cin kusan kilomita 20 a awa.

Yanzu ka cire firwil mai 18 ka sa mai 22. Zagaye ɗaya ya koma mita 4.5, gudunka ya sauka zuwa kilomita 16 a awa, amma ƙarfin da ƙafarka ke zubawa a kowane taku ya ragu da kusan kashi 18 cikin 100. Shi ke nan sirrin. Firwil babba, feda ta yi laushi, gudu ya ragu. Firwil ƙarami, feda ta yi tauri, gudu ya ƙaru in kana da ƙarfin juya ta. Wanda ya riƙe wannan lissafi, mai shago ba zai ruɗe shi da lamba ba, don zai duƙa ya ƙirga da kansa. Ka ɗiga alli a haƙori ɗaya ka fara daga nan, kada ka zagaya sau biyu.

Baƙin keke mai giya ɗaya

Wannan shi ne keken da kamfanin Raleigh na Nottingham a Ingila ya sa ya zama ruwan dare a ƙasar nan, har masana'anta ya taɓa yi a Kano. Daga baya Phoenix ya shigo daga Shanghai, Hero da Avon suka shigo daga Ludhiana ta Indiya, duk a kan zubi ɗaya: taya 28, birkin ƙarfe, sirdi mai sifirin, kariya mai faɗi, wani ma da sanda biyu a tsakiya don ɗaukar kaya. Nauyinsa kan kai kilo 20 ko fiye.

Dalilin da ya sa bai mutu ba har yau a fili yake. Kacarsa mai kauri ce, kuma a miƙe take tafiya daga faranti zuwa firwil ba tare da karkacewa ba, shi ya sa take daɗewa. Babu wani abu da ke rataye a gefe wanda zai lanƙwashe in keken ya faɗi. Babu wayar giya da za ta tsinke. Uwa uba, duk ƙauyen da ka shiga tsakanin Sakkwato da Gashuwa, ko Maraɗi da Damagaram, akwai wanda ya san cikinsa da wajensa, kuma ranar kasuwa za ka samu kayan gyaransa a shimfiɗe kan buhu. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, da ta tashi ƙera keken da zai jure hanyoyin karkara a ƙasashe irin su Zambiya da Kenya da Malawi, makamancin wannan zubin ta koma wa. Kekenta mai suna Buffalo giya ɗaya aka yi shi da ita tun farko, da kariya mai ɗaukar kilo 100, wato nauyin jarka huɗu ta ruwa mai lita 25. Mutanen da ke da injiniyoyi da kuɗin sa giya ko nawa suka ga dama ne suka zaɓi haka.

Aibinsa kuma ba ɓoyayye ba ne. Tayar da shi daga tsaye da buhu a baya aiki ne. Hawan gadar sama aiki ne. Ranar da iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas kai kuma can ka nufa, sai ka ji kamar tudu kake hawa alhali hanya a shimfiɗe take. Da yawa daga masu kukan ciwon gwiwa a kan baƙin keke, abu biyu ne ke damunsu: sirdi ya yi ƙasa, giya ta yi tauri.

To a nan ne gyara mafi araha a duk harkar keke yake, kuma mutane ƙalilan ne ke yin sa. Kana sayen keken, ka tura shi wurin mai gyara ka ce, "Malam, a cire mini firwil ɗin nan a sa mai haƙora 20." Zai iya ɗago kai ya ce, "Maigida, ai zai rage gudu." Gaskiya ya faɗa, zai rage, daga mita 5.5 zuwa 4.9. Amma a cikin gari, tsakanin danja da ramuka da 'yan adaidaita sahu da ke tsayawa ba sigina, yaushe rabon da ka yi gudun kilomita 20 na minti biyar a jere? Mai ɗaukar kaya kullum, ko wanda shekaru suka fara ja, ya nemi mai 22 in ya samu. Sai dai a sani, ƙarin haƙora huɗu yana buƙatar a ƙara wa kaca tsawon kamar inci ɗaya, don haka a tanadi guntun kaca irin tata. Ni a ganina, mutumin Kano ko Katsina ko Maiduguri da tafiyarsa ba ta wuce kilomita 5 zuwa 8 a shimfiɗaɗɗiyar hanya ba, giya ɗaya da aka daidaita masa ta ishe shi.

Abin lura ga mai sayen sabo: a kwali waɗannan kekuna suke zuwa, a kasuwa ake haɗa su, kuma kyawun keken rabinsa na hannun wanda ya haɗa. Sau da yawa boris ɗin kusan a bushe yake. Ka biya a buɗe cibiyar tayoyi da wurin feda a cika giris, a ɗaure wayoyin taya, bayan mako biyu ko uku ka koma a sake ɗaure su don za su saki. Ka kuma kula da 'yar kusar nan da ke riƙe hannun feda. In ta fara saki za ka ji feda na yin ƙwas a kowane zagaye, kuma in ka bar ta sai ta cinye ramin.

Mai 18 da mai 21

Lambar 21 daga faranti 3 a gaba sau 7 a baya ta fito, 18 kuma 3 sau 6. A takarda haka ne. Bari mu ƙirga wani haɗi da aka fi gani: 48, 38, 28 a gaba, sannan 14, 16, 18, 20, 22, 24, 28 a baya. Sa kaca a 28 na gaba da 14 na baya, taya ta juya sau 2. Sa ta a 48 da 24, sau 2 ne dai. Giya guda ce aka ƙirga maka sau biyu. Haka 28 da 16, da 38 da 22, da 48 da 28, duk tsakanin 1.71 da 1.75 suke, ƙafarka ba za ta bambance su ba. Ga kuma haɗin da ba a so a yi ma sam, babban gaba da babban baya, ko ƙaramin gaba da ƙaramin baya, don kaca na tafiya a karkace tana gurzar ƙarfe. In ka zubar da maimaici da waɗanda ba a so, abin da ya rage dozin ne ko ɗan fiye da haka.

Abin da wannan tsari yake da shi na gaske shi ne faɗi. Da taya 26, mafi laushi mita 2 ne da ɗan ɗori a kowane zagaye, mafi tauri mita 7. Wannan laushin ba abin rainawa ba ne ga mutumin Jos, inda gari ke kan tsauni mai tsayin wajen mita 1,200 kuma unguwa da unguwa hawa ne da gangara, ko wanda ke fitowa daga Nyanya ya hau tudun Kugbo kowace safiya, ko mutumin Biu da Gembu. Su kam suna da hujja.

Kuɗin da ake biya a kai shi ne kulawa. Dubi ƙarfen nan mai 'yan tayoyi biyu da ke rataye a gefen dama na tayar baya, wanda ke tura kaca daga faranti zuwa faranti. Tazararsa da ƙasa ba ta da yawa, kuma shi ne abu na farko da ke bugun ƙasa in keken ya faɗi ta dama. A ƙofar makaranta ko bakin kasuwa inda ake jingine kekuna a kan juna, ba sai ka faɗi ba ma, wani zai lanƙwasa maka shi. Da ya ɗan karkata ciki, giya ta fara tsalle, kaca na kuka. In aka yi rashin sa'a kana mafi laushin giya, sai ya shige cikin wayoyin taya ya murɗe, ya tafi da wayoyi uku ko huɗu. Ga ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris, man da ke jikin kaca yana haɗuwa da ƙurar hunturu ya zama wani baƙin kwaɓi mai cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa, kuma kacar wannan keke siririya ce, ga ta kusa da ƙasa, ga ba murfi.

Je ka wurin mai gyara a gindin bishiya ka ƙare wa kekunan da ke jiran layi kallo. Za ka ga masu faranti uku da yawa an cire musu ƙarfen giyar kacokan, an yanke kaca an ɗora ta a faranti ɗaya na tsakiya, wayoyin giya na lilo a kan keke babu abin da suke ja. Mai shi ya biya kuɗin 21 ya ƙare da ɗaya, kuma ɗayar ma ba ta kai ta baƙin keke ba, don a yawancin irin wannan firam babu wurin ja da taya baya a ɗaure kaca, sai ta riƙa faɗuwa ko tana hawa farantin kusa.

Akwai wani rauni da ba a gani da ido. A kekuna masu araha da ake murɗa wa firwil mai faranti 6 ko 7, boris na dama yana can ciki nesa da firam, saboda haka ƙarfen da taya ke juyawa a kai yana da dogon ɓangare da babu abin da ya tallafe shi. Ɗora masa buhun masara ko goyon babban mutum a hanya mai gargada, sai ya lanƙwashe ko ya karye. Mai niyyar dako ya bar wannan keke.

Game da sunan Shimano da mai shago ya ambata: kamfanin gaske ne, a Sakai ta Japan aka kafa shi a 1921, da ƙera firwil ma ya fara, kuma ko ƙaramin samfurinsa mai suna Tourney yana aiki lafiya in an saita shi. Amma Shimano kayan giya da birki yake yi, saboda haka sitika a jikin firam ba ta nuna komai. Duƙa ka nemi sunan a jikin ƙarfen giyar kansa, da firwil, da abin canjawa da ke kan keke. Wani lokaci guda ɗaya ne nasu, sauran ba suna.

Faranti ɗaya a gaba, 6 ko 7 a baya

Wannan ne nake nuna wa wanda hanyarsa ke da hawa amma ba tsauni ba, ko mai doguwar tafiya, misali ɗalibin da ke zuwa sabuwar jami'ar Bayero daga cikin birni. An zubar da rabin matsalar: babu canjin gaba, waya ɗaya, hannu ɗaya, babu maimaici. Da 38 a gaba da 14 zuwa 28 a baya kana da mita 2.8 zuwa 5.6, duk kuma giyoyin da za ka yi aiki da su ne. Akwai firwil na Shimano da babban farantinsa ya kai 34, wanda zai saukar da kai zuwa mita 2.3 don hawan da ya fi tsanani. Ƙarfen da ke rataye yana nan dai, da lalurarsa, amma kayansa suna samuwa a kowane babban gari kuma ba su da tsada. Wanda ya riga ya sayi mai 21 ma zai iya bin wannan hanya: bar kaca a farantin tsakiya na gaba, ka manta da hannun hagu mai canja giyar gaba sai ranar babban hawa.

Giya uku a cikin cibiyar taya

Da za a ce in zana wa ma'aikacin birni keke daga farko, wannan zan sa masa. Daga waje kamar mai giya ɗaya yake, faranti ɗaya gaba, ɗaya baya, kaca mai kauri a miƙe. Giyoyin suna rufe a cikin cibiyar tayar baya, wadda za ka ga ta fi ta sauran kekuna ƙiba, inda ƙura da ruwa ba sa kai musu da sauƙi. Fasahar tsohuwa ce. Sturmey-Archer, wanda ya taso tare da Raleigh a Nottingham, tun 1902 yake yin ta, kuma samfurinsa AW da ya fito a 1936 an yi shekaru da dama ana ƙera shi kusan ba canji. A 2000 kamfanin ya koma hannun SunRace na Taiwan. Shimano ma na da nasa, Nexus, kuma shi ne ake yawan gani a kekunan gwanjo na Japan, waɗannan masu kwando a gaba da makulli a jikin firam.

A AW, giya ta biyu ita ce kai tsaye, ta ɗaya ta fi ta laushi da kashi 25 cikin 100, ta uku ta fi ta tauri da kashi 33. Nexus mai uku kusan haka yake. Ɗaya ta tashi da hawan gada, biyu ta tafiyar yau da kullum, uku ta ranar da iska ke bayanka. Abin da ya fi daɗi a cikin gari shi ne kana iya canja giya a tsaye. Danja ta tsayar da kai kana ta uku, ka mayar ta ɗaya ƙafarka na ƙasa, a ba da hannu ka tashi cikin sauƙi. Mai giyar waje, irin mai 21, ba shi da wannan, dole taya na juyawa kafin kaca ta koma. Sai dai in kana tafiya, ka ɗan sassauta taku lokacin canjawa.

A nan ma dabarar firwil tana aiki, har ta fi. Da 44 da 18 a taya 28, giyoyin uku suna ba da mita 4.1, 5.5 da 7.3, kuma ta ukun ta yi wa yawancin mutane tauri, sai ta zama ado. Sa farantin baya mai 22, su koma 3.3, 4.5 da kusan 6. Yanzu duka ukun sun zama na aiki, kuma ta ɗaya za ta hau kowace gadar sama a Kano da yaro a baya.

Tambaya ɗaya ce ke hana ni cewa kowa ya saya: wa zai buɗe ta? Saitin waje mai sauƙi ne. A Nexus, sa giya ta biyu, ka leƙa 'yar tagar da ke jikin akwatin da waya ta shiga a gefen dama, ka murɗa har layin ruwan ɗorawa ya zauna tsakanin layuka biyun. A tsohon AW kuwa in wayar ta saki, akwai wani gurbi tsakanin ta biyu da ta uku inda feda ke zamewa fayau ba ta jan komai, kuma in a tsaye kake kan feda lokacin, za ka ji a jikinka. Amma in cikinta ne ya lalace, masu gyaran da suka taɓa warware ta ba su da yawa, kayan cikin kuma sai dai a ciro daga wata matacciya. Kafin ka saya, je ka tambayi mai gyaran unguwarku ko ya santa. In ya ce a'a, ba lallai ka fasa ba, don waɗannan cibiyoyi suna shekaru ba a buɗe su ba, kuma ranar da ta mutu za ka iya sa tayar giya ɗaya ka ci gaba da hawa. Maganar cewa cire tayar baya na da wuya kuwa ba ta cika damun mu ba, tunda mai faci a nan ta gefe yake zaro tub ba tare da ya kwance taya ba.

Akwai masu giya 7 da 8 a ciki, har da Rohloff na Jamus mai 14. Suna da kyau, amma in ka gan su a gwanjo ka tuna duk abin da na faɗa game da mai gyara ya ninku.

Sauran jikin keken

Girman taya ya fi giya saurin jefa mai gwanjo cikin wahala. Taya 26 ba iri ɗaya ba ce. Ta keken hawan dutse, 26 x 1.95, rim ɗinta milimita 559 ne. Ta yawancin kekunan Japan, 26 x 1 3/8, milimita 590 ne, kuma ɗaya ba ta shiga rim ɗin ɗaya ko da za a kwana ana dannawa. Haka 28 ta baƙin keke 635 ce, 28 ta kekunan Turai 622, ga kuma 27 mai 630. Lambar na rubuce a gefen taya, kamar 37-590. Karanta ta, ka zagaya shagunan kayan keke ka tabbatar ana sayar da irinta a garinku kafin ka biya.

Mai bin kwalta ba ya buƙatar taya mai manyan ƙuraje, jan ƙafa kawai take yi. Mai bin yashi, irin na bayan garin Daura ko Nguru, faɗi yake buƙata da ɗan rage iska da giya mai laushi. Inda tsidau ya yi yawa kuma, kaurin roba ya fi komai.

Keken da ke da sifirin gaba da baya a farashi mai sauƙi, ka wuce shi. Araha ba ta ado. Nauyi ne, yana shanye ƙarfin takunka, ba ya karɓar kariya ta kirki, kuma in mahaɗinsa ya fara girgiɗi ba shi da magani. Firam na ƙarfe ya fi na alminiyam dacewa da mu, don in ya tsage mai walda na bakin titi zai kama shi, alminiyam kuwa sai mai na'ura ta musamman. Ɗan maganaɗisu zai gaya maka wanne ne a gabanka.

Murfin kaca ba ƙawa ba ne ga mai sa kaftani ko farin wando ranar Juma'a. Giya ɗaya da giyar ciki ne kaɗai ke karɓar cikakken murfi, kuma shi ma wani dalili ne na zaɓen su, don kacar da ke rufe ba ta shan ƙura. Firam maras sanda a tsakiya, wanda ake ce wa keken mata, shi ne mafi sauƙin hawa ga mai doguwar riga, da dattijo, da wanda ya ɗaure kaya a baya har ba zai iya wurga ƙafa ba. A Holan da Japan maza da yawa shi suke hawa zuwa aiki.

Birkin ƙarfe na baƙin keke yana daɗewa, amma in rim ɗin ƙarfe ya jiƙe da ruwan sama kamunsa na raguwa ƙwarai, sai ka fara matsawa tun daga nesa. Birkin waya mai kama rim ɗin alminiyam ya fi shi kamu nesa ba kusa ba. Birkin feda, wanda ake taka baya, ba ruwansa da damina, sai dai in kaca ta faɗi ya tafi da ita, saboda haka kada ka yarda da keken da ba shi da na gaba.

A wurin ciniki

Kada ka sayi keken da ba ka hau ba. Daidaita sirdi yadda in ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka za ta miƙe sak. Bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, hawa da sauka, sannan ka matsa birki kaɗan ka taka da ƙarfi a kowacce, don giyar da ta ci ba ta nuna hali sai an matsa mata. Ɗaga keken ka juya kowace taya ka ga ko tana rawa, ka kama ta ka girgiza gefe da gefe. Kama kaca a gaban babban faranti ka ja ta waje. In ta ɗago har kana hango haske tsakaninta da haƙora, ta gama, kuma galibi ta cinye firwil tare da ita, sai ka cire kuɗin biyun daga farashi. Tsaya ta bayan keke ka dubi ƙarfen giya, ya kamata ya sauko a miƙe ƙarƙashin faranti. Duba mahaɗan firam, musamman bayan wuyan keke, in fenti ya tattare a wurin to an taɓa yin karo da shi.

In ka kai shi gida, ka raba shi da baƙin man da aka juye daga inji, wanda masu gyara da yawa ke shafawa don kyauta ne. Goge kaca da tsumma da ɗan kananzir, ɗiga mai mai tsabta a kowace gaɓa, ko na keken ɗinki ya wadatar, sannan ka sake goge na waje har ta kusa bushewa, don na ciki ne ke aiki, na waje ƙura yake kira.

Keken gwanjo ko na hannu kuma, kada ka karɓa sai da rasit, don tun da keke ya yi daraja ɓarayinsa suka ƙaru, kuma wanda aka kama da shi a hannu shi ke kwana a caji ofis. Lambar firam tana buge a ƙarƙashin inda feda ke juyawa, ko a ƙasan sirdi, ko a wuyan keke. Sa mai shago ya rubuta ta a rasit ɗin da sunan shagonsa, kai kuma ka ɗauki hotonta a wayarka.